Farin Kayan Ramla

"Sau nawa zan gaya maki ki daina tuɓe kayan nan in kin zo shago?"

"Kawu, dokar makaranta ce. Madam Tabitha ta ce duk ɗalibar da aka kama da yunifom tana taɓa marar lafiya a waje..."

"Madam Tabitha ce ta biya maki rajista?"

Hannun Ramla na cikin ledar da take zuwa da atamfar canji. Kawu Babaji bai ɗaga murya ba. Tunda ta san shi bai taɓa ɗagawa ba, shi ya sa ma maganarsa ke zauna wa mutum a ƙirji kamar dutsen niƙa. Yana zaune bayan kanta yana ɓare kwalin magani da farce, tabarau a kan karan hanci.

"Ɗiyata, mutane ba magani kaɗai suke saye ba, natsuwa suke saye. Mace ta leƙo ta ga farin kaya, rabin ciwonta ya tafi tun ba ta buɗe baki ba. Bar su a jikinki."

Ta mayar da atamfar, ta tura ledar ƙarƙashin benci.

Kawu Babaji ƙanin surukarta ne. Kemis ɗinsa na nan Ƙofar Kaura, tsakanin mai cajin waya da mai gyaran fanka, kuma duk unguwar Dakta suke ce masa, ko da yake aikin da ya yi a asibiti shekarun baya bai wuce tura gadon marasa lafiya ba. Ranar da sunan Ramla ya fito a makarantar koyon aikin jinya, da safe ta yi kukan murna, da yamma ta yi na takaici, bayan sun ga abin da ake nema kafin a karɓi mutum. Mijinta Nu'uman napep yake ja, napep ɗin ma ba nasa ba ne. Kawu ne ya tako har gida ya ce shi zai ɗauki nauyin karatun, ita kuma ta riƙa tsare masa shago in ta taso daga makaranta. Ranar har ƙasa ta durƙusa ta yi godiya.

A makaranta har yanzu ba su wuce gyaran gado, wanke hannu, auna zafin jiki da lalubo bugun jini a tsintsiyar hannu ba. Allura kuwa Kawu ne ya koya mata, a jikin lemon zaƙi, wata rana da babu ciniki. Washegari ya tura ta bayan labule da wata mata mai zazzaɓi. Daga ranar ta zama Nas. Nas a shago, Nas a layinsu, Nas a gidan biki. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, sunan yana mata daɗi. In ta ji shi sai ta manta tun asuba take tsaye: shara, ɗumame, wanke-wanke, lakca, shago, tuwon dare, sannan littafin da kullum barci ke sace ta a kan shafi guda.

Wayar Kawu ta yi ƙara. Ya duba, ya gyara zama.

"Yaya Hajo, an wuni lafiya? Ya gida? Ya mai jiki biyu?" Ya saurara. "Tun yaushe? Tun jiya! Kuma ba ta faɗa ba?" Ya yi 'yar dariya. "Ɗiyar kirki ke nan, ta yi kunya. A'a, a'a, mi za ku je yi can? Ku zauna, ga shi nan zan aiko."

Tun kafin ya ajiye wayar Ramla ta gane wadda ake nufi. Fiddausi ce, ƙanwar Nu'uman, wadda aka dawo da ita gida goyon ciki saboda haihuwar fari ce. Tunda ta zo, ita ce ke goge wa Ramla farin kayan nan da dutsen guga na gawayi, tana riƙe mata littafi tana yi mata tambayoyi da Turancinta mai ban dariya. Yau da safe Ramla ta gan ta dafe da bangon madafa, idonta a rufe. Ta tambaye ta, ta ce ba komai, ƙafarta ce ta riƙe. Ramla kuwa ta makara, sai ta yarda.

Kawu ya buɗe firjin da ya daɗe bai ga wutar Nepa ba, ya ciro wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsan jariri ba. Ruwan ciki garau, kamar hawaye. Ya haɗa da sirinji ya ɗora a kan kanta.

"Allurar naƙuda. A cinya za ki yi mata. Kafin la'asar kin ji kukan jariri."

"Kawu, ban taɓa yin irinta ba."

"Allura ai allura ce."

"Ba a koya mamu komai kan haihuwa ba, wallahi. Ko ɗakin ba mu taɓa leƙawa ba."

"To ni zan shiga? Ɗiyar yayata tana durƙushe, ni in ɗaga labule in shiga? Haba Ramla. Ina amfanin mace a shagon nan?"

"A kai ta asibiti mana, Kawu."

"Su yanka ta." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na zauna da su, na san halinsu. Yarinya ta ɗan jinkirta sai wuƙa." Ya mayar da tabarau, ya dube ta da kyau. "Zango na biyu ya kusa, ko? Na ji an ce har da kayan aiki za ku saya wannan karon."

Ya faɗe ta a hankali, kamar mai tambayar lafiyar gida. Ramla ta sa hannu ta ɗauki kwalbar. Da ɗumi ta ji ta.

Nu'uman ne ya zo ɗaukarta. A waje iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi, can gabas kuma hadari ya fara taruwa, baƙi ƙirin a ƙasa, ja-ja a sama. Kullum in ta shiga bayan napep ɗin sai ya gyara madubi yadda zai riƙa ganin fuskarta, ya ce, "Ranki ya daɗe, ina muka nufa?" ita kuma ta ce, "Inda direba ya ga dama." Yau ma ya gyara madubin, amma bai yi wasan ba.

"Tunda Inna ta kira ni hankalina ke tashe," ya ce, yana kauce wa wani mai kura. "Amma da na tuna ke za ki shiga ɗakin, sai na ji sanyi. Allah ya yi mani gata, Nas ɗina."

Ta dubi ƙeyarsa da rana ta dafa, da wuyan rigarsa da ya ɓarke, wanda ta yi ta alkawarin ɗinkewa ba ta samu zama ba. Wannan mutumin ne ya daina shan shayi a tebur don ta samu na fotokwafi. Shi ne ke tashi ya tarar ta yi barci a kan littafi, ya zare mata biro daga yatsu a hankali kamar mai cire ƙaya, ya rufa mata zane. Son da take masa ya taso mata sabo.

"Yayan Fiddo," ta ce, sunan da ta saba kiransa da shi saboda Fiddausi.

"Na'am."

"In ya zamana ban iya abin da kuke tsammani na iya ba fa?"

Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tunda ya ɗauko ta. "Ke da kika yi wa Inna allurar gwiwa ta miƙe har tana zuwa unguwa? Rufa mani asiri, kar fasinja su ji matata na ƙasƙantar da kanta."

Babu wani fasinja. Ta buɗe baki, sai ga su sun shigo Ƙofar Durbi, yaran layi suna bin napep ɗin suna "Ga Nas! Ga Nas!" Ta rufe bakin.

Nu'uman ya tsaya a zaure. Ramla ta ratsa tsakar gida, ta wuce bishiyar bedi da awaki biyu da suka lafe a gindinta, ta ɗaga labulen ɗakin surukarta. Zafi da warin gumi suka tare ta. Fiddausi na durƙushe kan tabarmar da aka shimfiɗa wa leda, ta kifa fuska a filo. Inna Hajo na zaune bakin gado da carbi, maƙwabciyarsu Furera na yi wa yarinyar fifita.

"Sannunku, Inna. Ya mai jiki?"

"Lahiya lau, da sauƙi. Kin zo da abin?"

Fiddausi ta ɗago. Leɓenta na ƙasa ya kumbura, duk shaidar haƙora. Yini da kwana ke nan tana cizonsa don kada a ji muryarta, don kada gobe a ce 'yar Hajo ta yi raki a haihuwar fari.

"Anti," ta ce, ta yi ƙoƙarin murmushi.

Ramla ta durƙusa kusa da ita. "Inna, da mun kai ta asibiti. Abin ya daɗe. Ga napep a ƙofa."

"Asibiti kuma? Ga asibiti ya tako da ƙafarshi har ɗakina?" Inna Hajo ta nuna ta da carbi, tun daga farin hijabi har farin takalmin da ta bari a bakin ƙofa. "A ɗakin nan na haifi mijinki, ko tari ba a ji na yi ba. Ba zan kai ɗiyata maza su tsaya mata a kai ba."

"Ai mu yanzu mun huta," in ji Furera. "Layinmu ya yi Nas. Jiya har nake wa matar mai nama gori, na ce ku je ku bi layin kati, mu tamu a gida take kwana."

"Inna, ni fa ɗaliba ce. Yanzu na fara."

"Ji ta da kunya! Dakta da kanshi ya aiko ki. Shi bai san aikinshi ba?"

Ciwon ya sake tasowa. Fiddausi ta damƙi hannun Ramla har sai da ƙasusuwan suka yi ƙara, ta tura fuska cikin filo, jikinta duka na karkarwa, amma ko uffan. Da ya lafa ta jawo Ramla kusa, ta yi magana can ƙasa yadda uwar ba za ta ji ba.

"Anti, na gaji. Wallahi na gaji. Ki yi mani ko mi ne ne. Ke na yarda da ke."

Ramla ta fita ta wanke hannu. Ta wanke shi yadda Madam Tabitha ta koya musu, tafi da baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu, ta sake maimaitawa, kamar in ta daɗe tana wankewa wani zai zo ya ce an fasa. Ba wanda ya zo. Ta koma ta karya wuyan kwalbar. Gilashin ya yanke ta a babban yatsa, ɗigon jini ya faɗa kan farin siket ɗinta, ya buɗe kamar ƙaramin fure. Ta zuƙe ruwan duka, ta yi bisimilla, ta soka.

"Shi ke nan," in ji Inna Hajo da ajiyar zuciya. "Allah ya yi maki albarka. Tahi ki ɗora ruwan zafi, ki ɗora sanwar tuwo, anjima kaɗan gidan nan zai cika da 'yan barka."

Haka Nas ta koma madafa da farin kayanta. Ta jefa fasasshiyar kwalbar a aljihu, ta hura itacen da ya ƙi kamawa, hayaƙi na cika mata ido. Sama ta ƙara duhu. Kaji suka fara shiga akurki tun lokacinsu bai yi ba.

Tana talge ta ji ihun.

Ba ta taɓa jin irin wannan murya daga bakin ɗan Adam ba, balle daga bakin Fiddausi mai magana kamar ana raɗa. Ta yar da muciya ta ruga. Yarinyar ta bar durƙuso, tana birgima a kan leda. Ɗazu ciwon zuwa yake ya tafi, ya ba ta sarari ta numfasa. Yanzu ya zo ya zauna. Ramla ta ɗora tafi a kan cikin ta ji shi kamar gindin turmi, ta jira ya saki, ta jira, bai saki ba.

"Inna, wannan ba daidai ba ne."

"Allurar ce ke aiki, haka take. Ke kuma Fiddausi rufe mani baki, yayanki na zaure shina jin ki! Ramla, ƙauri nike ji, tuwonki ne ko?"

Tuwon ne. Ta koma ta tuƙa shi, hannunta na yi, kunnenta na ɗaki. Duk ihu ɗaya sai ta ji shi a nata cikin. Ta yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana yi wa Allah alkawura: in aka sauka lafiya ba za ta ƙara taɓa sirinji ba sai ranar da aka ba ta izini, za ta gaya wa Nu'uman gaskiya, za ta nemi wani aikin ko na wankau ne. Ladanin unguwa ya fara kiran la'asar. Kafin ya kai ƙarshe, ihun ya yanke.

Ramla ta tsaya da muciya a hannu tana jiran kukan jariri. Ta ji tafasar ruwa. Ta ji akuya ta yi atishawa. Ta ji takun maza suna wucewa masallaci ta bayan katanga. Ba ta ji jariri ba.

Da ta ɗaga labule, Fiddausi na kwance a gefe ɗaya, lamo, idonta rabi a buɗe. Furera ta ajiye mafici ta tafi yin salla. Inna Hajo ta ɗora yatsa a baki.

"A hankali. Allah ya kawo sa'ida, ciwon ya lafa. Bari ta huta ta tara ƙarfi, in ya dawo sai haihuwa."

Ramla ta durƙusa ta kama tsintsiyar hannun. Wannan kam an koya mata. A aji, juna suke gwadawa, kuma ta san yadda jinin mai lafiya ke bugawa a ƙarƙashin yatsu, daram, a natse, kamar mai daka ba ya sauri. Na Fiddausi sai da ta lalubo shi da kyar. Siriri ne kamar zare, yana gudu kamar zuciyar tsuntsun da aka damƙe a hannu. Fatar ta yi sanyi, ga gumi yana tsattsafowa a goshi. Ta ja fatar idon ƙasa. Fari fat, kamar hijabin da ke jikinta.

"Fiddo. Fiddo, kina ji na?"

"Ƙishi nike ji, Anti." Muryar daga nesa take zuwa. "Wani abu ya tsinke mani a ciki. Na ji shi. Kuma ya daina motsi."

A kan ledar, ƙarƙashin zanen, wani jini baƙi-baƙi ya fara bin lanƙwasar tabarma. Ba shi da yawa. Rashin yawan nasa ya fi ba ta tsoro, ba ta kuma san dalili ba.

Ta fita ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Ranar farko a makaranta, Madam Tabitha, malamarsu 'yar Kafanchan mai furfura a gaban goshi, ta rubuta lambarta a allo ta ce duk wadda ta shiga uku ta kira ta kafin ta kira uwarta. Ajin ya yi dariya ranar. Ramla ta lalubo lambar ta danna.

"Wa ke magana? Ramla? Mai zama a gaba tana gyangyaɗi?"

"Ni ce, Madam. Wata... wata maƙwabciyarmu ce ke naƙuda." Ta zayyana mata komai, cikin da ya ƙi saki, ihun, shirun, bugun jinin, farin idon.

Madam Tabitha ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta ce, "An ba ta wani abu?"

"An yi mata allura."

"Wace allura?"

Ramla ta ciro guntun kwalbar ta karanta mata sunan da ke jiki, harafi harafi.

"Ya Ubangiji." Aka ji ƙarar kujera, da ƙarar makullai. "Saurare ni da kyau, yarinya. Ku ɗauke ta yanzu. Ban ce anjima ba, ban ce bayan salla ba. Wannan shirun da kuke gani ba sauƙi ba ne, jini take zubarwa ta ciki. Ku tafi da kwalbar. Wanda ya yi allurar kuma ya biyo ku, don za su tambaye shi nawa ya ɗura, a ina, da wane lokaci. In kuka ɓoye, za su ɗauka naƙuda ce ta tsaya, su ɓata lokacin da ba ta da shi, wani ma ya iya ƙara mata irinta a cikin ruwa. Kin ji ni? Ga ni nan zuwa, zan same ku a can." Ta sassauta murya. "Ramla. Wa ya yi mata allurar nan?"

Ramla ta kashe wayar.

A zaure ta tarar da su, an sauko daga masallaci. Nu'uman na tsaye ya kasa zama. Kawu Babaji ya iso a kan mashin ɗinsa, yana zaune kan dakali yana juya wata kwalbar, irin ta ɗazu sak, a tsakanin yatsu.

"Yawwa Nas. An ce ta lafa? Wani jikin sai an ƙara. Ungo."

"Asibiti za a kai ta, Kawu. Yanzu."

"Mun gama wannan maganar tun a shago."

"Jikinta ya yi sanyi. Idonta ya yi fari. Ta ce wani abu ya tsinke mata, kuma ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, lokaci guda."

Yatsun Kawu suka daina juya kwalbar. Ya dube ta, ya dubi ƙofar cikin gida. Sannan a hankali ya zura kwalbar cikin aljihun gaban rigarsa, ya danna ta can ƙasa. Duk abin da Ramla ta gani yau, babu wanda ya kai wannan tayar mata da hankali. Ashe ya sani. Ashe ya taɓa tura gadon irin wannan.

"To," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A kai ta. Amma shiga ki tuɓe kayan nan ki sa atamfa."

Ta zuba masa ido.

"Ki tuɓe su na ce. In an tambaya, naƙuda ce ta yi tsawo, ba wanda ya yi mata komi. Ina kwalbar ɗazu? Ba ni nan." Ya miƙo tafin hannu. "Ki yi tunani, ɗiyata. Kika buɗe baki, gobe sunanki ya fita daga makarantar nan, kuma ba wata da za ta sake ɗaukar ki. Ni su rufe mani shago. Shagon da ke ciyar da gidan nan rabin wata. Kin ga riba?"

"Wai mi ke faruwa ne?" Nu'uman ya dubi wannan ya dubi wancan. "Ramla, allurar ce? Ba ke kika... ba kin iya ba?"

"Ban iya ba." Hawayen da ta riƙe tun a napep suka zubo. "Na so in gaya maka. Gyaran gado na iya, Yayan Fiddo. Gado da wanke hannu."

Ta ga maganar ta shige shi kamar wuƙa. Ya dafa bango. Ta jira ya yi mata tsawa, ta ma fi son ya yi. Sai ya matso, ya kama gefen hijabinta kamar yaro, idonsa ya kaɗa.

"Ni zan ce ni ne. In ce wani mai yawo da jaka na tsayar a hanya ya yi mata, ban san shi ba. Su kama ni in sun ga dama. Wahalar da kika sha, Ramla, ba barci, ba hutu... ba zan iya gani ta tafi a banza ba."

"In suka tambaye ka nawa aka ɗura mata fa? Da wane lokaci? Ka sani?"

Ya saki gefen hijabin.

"Mi kuke ƙus-ƙus a nan?" Inna Hajo ce a bakin ƙofar zaure, carbi na lilo a hannunta. Ta dubi fuskar ƙaninta, abin da ta gani a can ya sa carbin ya tsaya. "Babaji? Mi ya samu ɗiyata? Babaji, ka dube ni!"

Bai dube ta ba. Hannunsa na nan a miƙe wajen Ramla.

Iska ta taso farat ɗaya, ta bugi ƙyauren zaure, ta kwashi ganyen bedi ta watsa a tsakar gida. Manyan ɗigo suka fara faɗuwa kan kwano ɗaya bayan ɗaya. Ta cikin ƙarar, daga ɗakin can, wata siririyar murya ta ratso, ba uwa ta kira ba, ba yaya ba.

"Anti..."

Ramla ta dubi farin kayanta. Toka a gwiwa, talge a hannun riga, ɗigon jinin nan ya bushe ya yi baƙi. Ta tuna hannun da ya goge su jiya da dare, ashe da ciwo a jikinsa. Ta tuna kujerarta ta gaba a aji, da ƙamshin sabon littafi, da ranar da ta yi ta mafarki za a ɗora mata hular nas Nu'uman na cikin taro yana tafi. Ta dunƙule hannu a kan fasasshiyar kwalbar cikin aljihu har ta ji gilashin ya sake shiga inda ya yanke ta.

"Ba zan tuɓe ba, Kawu. Da su na yi, da su za su gan ni." Ta share fuska da bayan hannu. "Yayan Fiddo, juyo da napep bakin zaure. Inna, ku zo ku kama mani ita. Asibiti za mu tafi, kuma ni da bakina zan gaya masu ni na yi mata allurar."